Tambaya da Amsa: Yawon Tsaunukan Sikotilan da Motar Haya

Tambaya: Salamu alaikum. Ɗana zai kammala karatu a Gilasgo farkon watan Yuli. Bayan biki muna so mu ɗauki motar haya ta kwana huɗu mu zaga tsaunukan arewacin ƙasar, mu ɗan hau dutse, mu ga tsoffin fadoji irin na Kajuru. Ta ina za mu fara?
Mai karatu daga Unguwar Rimi, Kaduna

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sanya wa karatun yaro albarka.

Ku kama titin A82 daga Gilasgo, ku bi gefen tafkin Lomond, ku ratsa kwarin Glencoe, ku kwana a garin Fort William. Kimanin kilomita 170 ne, amma kada ka auna shi da hanyar Zariya. Kwana-kwana ne da motocin 'yan yawo masu jan ƙafa, ka ba shi awa uku ban da tsaye-tsaye. Allunan hanya da mil suke lissafi, mil ɗaya kilomita 1.6 ne.

Tuƙin ne wurin da ake shan wuya. Hannun hagu suke bi, wanda Najeriya ta bari tun 1972. Cikin cunkoso ba a cika kuskure ba, tunda kana bin na gaba. Sai an fito daga gidan mai ko masauki da safe, titi fayau, hannu ya koma inda ya saba. Ka nemi mota otomatik tun da wuri, don ta giya da hannun hagu za ka riƙa sauya mata. Wasu ƙananan hanyoyi mota ɗaya suke ɗauka, da ɗan wurin kaucewa jifa-jifa. In wurin yana hagunka, ka shiga. In yana dama, ka tsaya daidai da shi, mai zuwa ya shiga. Ba wurin ajiye mota a ɗauki hoto ba ne. A gidan mai kuma da kanka za ka zuba: koren famfo fetur, baƙi dizal. In an yi kuskure, kada a ta da inji, a kira kamfanin hayar.

Ben Nevis da ke kusa da Fort William, dutse mafi tsayi a Birtaniya, mita 1,345 ne, hawa da sauka awa bakwai zuwa tara. A ganinmu ku bar wa matasa shi. Tattakin zuwa Steall, ruwa mai zubowa daga kan dutse da ke kwarin Nevis, wajen awa biyu zuwa da dawowa, ya ishi ido, ko da yake akwai duwatsu masu santsi. Shadda da wandon jins suna shan ruwa su riƙe sanyi, don haka a sa rigar ruwa da takalmi mai kama ƙasa. Da yamma in iska ta lafa, wasu ƙwari da ba su kai sauro ba suna fitowa garke-garke. Ragar fuska ce maganinsu. A sauke taswira a waya tun a masauki, sabis na ɗaukewa.

Fadar Kajuru jaririya ce a kan nasu. Fadar Eilean Donan, a titin A87, jiragen ruwan yaƙi suka rusa ta a 1719, aka gama sake gina ta a 1932. Fadar Urquhart a bakin tafkin Ness kango ce, kuma gara a sayi tikitinta ta intanet kafin a je. Daga nan Inverness rabin awa ne, akwai masallaci a garin. Magariba kuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare.