Yaron da yaƙi ya kora, zai iya zama ɗan gari a ƙasar wasu?

Malam, ka tambaya ko yaron da yaƙi ya raba da ƙasarsu zai taɓa samun gindin zama a inda ya sauka. Yana samu, in dai an karɓe shi hannu bibbiyu. Dubi Alf Dubs.

An haife shi a Prag, babban birnin ƙasar Czechoslovakia ta wancan lokaci, a 1932, mahaifinsa Bayahude ne. Sojojin Hitila suka mamaye garin a watan Maris na 1939. Yana ɗan shekara 6 aka saka shi a jirgin ƙasa zuwa Ingila, babu uwa a tare da shi, cikin yara 669 da wani ɗan Birtaniya mai suna Nicholas Winton ya shirya fitar da su. Mahaifiyarsa ta biyo baya, amma ba a daɗe ba mahaifinsa ya rasu.

Wannan marayan ne aka zaɓa ɗan majalisar dokokin Birtaniya a 1979, a jam'iyyar Leba, ya kuma shiga majalisar dattawa a 1994.

Abin da ya fi taɓa min zuciya shi ne 2016. Ya haura shekara 80, amma ya tsaya kai da fata sai da majalisa ta amince a kawo yaran da ke gudun hijira su kaɗai a Turai. Ya nemi a ɗauko 3,000, gwamnati ta tsaya a 480, kuma a ganina wannan abin kunya ne ga ƙasar da ta taɓa buɗe masa ƙofa.