Tambayoyinku: Ginin Ƙagaggen Labari, da Batun Askirim

*Assalamu alaikum. Na daɗe da labari a kaina, amma duk sanda na fara rubutawa sai in yi shafi uku ko huɗu in tsaya cik, in rasa inda zan dosa. Me ke kawo haka? — Wata ɗalibar jami'a*

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sau da yawa abin da ke kan mutum bai kai labari ba tukuna, yanayi ne kawai: yarinya marainiya, ko attajiri mai girman kai, ko gidan da ba a zaman lafiya. Yanayi bayani ne, shi kuwa bayani shafi uku ya ishe shi. Labari yana tashi ne a lokacin da wani ke son wani abu ƙwarai, kuma ga abin da ya tare masa hanya.

Kafin ki sake ɗaukar biro, ki amsa tambayoyi huɗu, kowacce da jimla ɗaya. Wace ce tauraruwar? Me take so? Wa zai hana ta? Me za ta rasa in ba ta samu ba? Ta biyun ce ke kayar da mutane. "Tana son farin ciki" ba amsa ba ce, domin ba ta gaya miki abin da tauraruwar za ta yi gobe da safe ba. Amma in kika ce tana son haɗa kuɗin aikin idon mahaifinta kafin wata ya ƙare, nan take kin san za ta je neman rance, kin san akwai ranar da lokaci zai ƙure mata, kin kuma san za a iya jarabtar ta da kuɗin da ba nata ba.

Daga nan sai ki yanka labarin fitowa-fitowa. A kowace fitowa tauraruwa ta shigo da buƙata, ta gamu da cikas, ta fita al'amura sun sauya, ko sun gyaru ko sun ƙara dagulewa. Fitowar da aka fita yadda aka shiga, cire ta, komai daɗin kalmominta. Sannan ki duba abin da ke ɗaure kowace fitowa da mai bi mata. In "sai kuma" ne kaɗai, jerin aukuwa kike yi. Abin da ake nema shi ne "saboda haka" da "amma": ta ci bashi, saboda haka mai bashin ya sami hanyar juya ta, ta je ta faɗa wa yayanta, amma ta tarar shi ma mutumin yana bin sa bashi.

Wajen rabo, marubuta da dama kan ba gabatarwa kwata ɗaya na littafin, tsakiya inda rikici ke tsananta ya ci rabi, warwara ta ɗauki kwatan ƙarshe. Ba doka ba ce, amma in kin cinye rabin littafi matsala ba ta kunno ba, mai karatu ya riga ya ajiye. Mu dai shawararmu ga mai farawa, ki san ƙarshen labarinki tun kafin ki rubuta layin farko, ko da daga baya za ki sauya shi.

*Kalmomi nawa ake so gajeren labari ya kai, nawa kuma littafi? — Wani malamin makaranta*

Malam, gajeren labari yakan kama daga kalmomi 1,000 zuwa 7,500. Abin da ya haura 40,000 ana lissafa shi cikakken littafi, ko da yake da yawa kan kai 70,000 zuwa 100,000. Mai rubuta kalmomi 500 kullum, wato kusan shafi biyu, zai haɗa 60,000 cikin wata huɗu. In gasa za ka shiga, adadin da suka yanka shi ne alƙali.

*Wadda ta karanta min rubutuna ta ce taurarina duk bakinsu ɗaya. Yaya zan gyara? — Wani sabon marubuci*

Ta yi maka gata, ɗan'uwa. Wannan na faruwa ne in marubuci ya mai da taurari bututun isar da bayani. Alamarsa ita ce mutum ya riƙa gaya wa wani abin da dukansu suka sani: "Kamar yadda ka sani, mahaifinmu ya rasu shekara biyar da suka wuce." Babu wanda ke yi wa ƙanensa magana haka. Bayanin na mai karatu ne, sai ka nemo masa wata ƙofa.

Ka ba kowane tauraro abin da yake nema a cikin hirar, da abin da yake ɓoyewa. Mutane ba kasafai suke amsa tambaya kai tsaye ba. Matar da aka tambaya ko ranta ya ɓaci, ta ce "abincinka na kan tebur", ta riga ta amsa. Sannan ka bambanta su ta tsawon jimla da zaɓin kalma: wani mai gajarce magana, wani mai kewaye-kewaye, wata ba ta rufe baki sai da tambaya. Gwajin mai sauƙi ne. Rufe sunaye da yatsa, ka karanta hirar da ƙarfi. In ka kasa gane mai magana, da sauran aiki.

Ka kuma kula da idon da ake kallon fitowa da shi. In muna cikin zuciyar miji, ba za mu san abin da matar ke saƙawa ba sai abin da ya gani a fuskarta. Tsalle daga wannan zuciya zuwa waccan a sakin layi ɗaya yana sa mai karatu ya rasa wanda zai bi.

*A labarina akwai fitowar da 'yan'uwa biyu suka je shan askirim bayan doguwar gaba. Na rubuta "mai sanyi da daɗi", na ga bai yi ba. Wane irin ɗanɗano aka fi so, ku kuma wanne kuka fi so? — Wata mai karatu*

Fanila da cakulan su ne a gaba kusan ko'ina, sai sitiroberi ya biyo. Mu fanila muka fi so, in ta ainihi ce. Ana raina ta a ce ɗanɗanon wanda bai da zaɓi ne, alhali aikinta ya fi na saura wuya. 'Ya'yan wata fure ce da asalinta Meziko, furen kuma yini ɗaya yake yi a buɗe. A 1841 wani yaro bawa ɗan shekara 12, Edmond Albius, a tsibirin Riyuniyon da ke Tekun Indiya, ya gano yadda ake yi mata barbara da hannu, kuma da dabararsa ake noma ta har yau a Madagaska, wadda ta fi kowace ƙasa samar da ita. Mafi yawan fanilar da ke kasuwa kuwa sinadari ne aka haɗa. Ta ainihi takan bar ɗigo-ɗigon baƙi a cikin askirim, ƙamshinta kuma ya daɗe a baki.

Abin da zai amfane ki a rubutu shi ne sanin yadda bakin mutum ke karɓar abin. Sanyi ne ke fara isowa, har haƙori ya amsa. Zaƙi ba ya fitowa sosai sai ya fara narkewa, domin sanyi na dakushe harshe. Ƙamshi ne na ƙarshe, ta hanci. Na cakulan yakan bar ɗan ɗaci a bayan harshe, na sitiroberi ɗan tsami. In an yi gaggawar haɗiya, goshi ya sara na 'yan daƙiƙu. Ɗauki biyu daga cikin waɗannan, sun isa.

Sai dai fitowarki ba ta askirim ba ce, ta sulhu ce. Sa zaɓin ya yi miki aiki. Yayar ta sayo wa ƙanwar ɗanɗanon da take so tun suna yara ba tare da ta tambaye ta ba, ƙanwar kuwa ta daɗe da daina son sa, amma ta sha ba ta ce komai ba. Kuma askirim yana narkewa, don haka ya zame miki agogo: kofin da ya koma ruwa a hannu ya nuna tsawon shirun da aka yi.

*Na gwada haɗa askirim na mangwaro a gida, ya fito kamar ƙanƙara. Ina kuskuren? — Wata uwar gida*

Ruwa ya yi yawa, Hajiya, maiƙo da sukari da iska kuma sun yi kaɗan. Su ukun ne ke hana ƙanƙara yin manyan ƙwayoyi. Ga hanyar da ba ta buƙatar inji. Ki buga kirim na madara mai kauri mililita 500, mai sanyi sosai, har ya kumbura ya tsaya a jikin cokali. Kada ki zarce, zai koma man shanu. Ki markaɗa mangwaro giram 400, ki dafa a wuta kaɗan har ya ragu da kusan rabi, ki bari ya huce sarai. Ki gauraya shi da gwangwani ɗaya na madara mai kauri mai sukari, mai giram 397, da ɗan gishiri, sannan ki juya shi cikin kirim ɗin a hankali don kada iskar ta fice. Ki ɗanɗana: ya kamata zaƙin ya ɗan zarce yadda kike so. Ki zuba a mazubi mai faɗi, ki shimfiɗa leda a kan fuskarsa kafin murfi, ya yi awa shida a firiza.

Sitiroberi ma a rage masa ruwa haka. Abarba da gwanda kuwa dole a dafa su, domin ɗanyensu na da sinadarin da ke lalata madara ya sa ta ɗaci. In za a sha, a fito da shi minti biyar zuwa goma kafin a ɗiba, a kuma mayar da saura nan da nan, don wanda ya narke aka sake daskarar da shi yakan yi tsakuwa-tsakuwa a baki.