Amsoshin Tambayoyin 'Yan Studiyo: Kundin Okestira, Afejiyeta da Had-dis ɗin "Komai da Ruwanka"

Daga wani ɗalibi a Zariya: Malam, an ba ni aikin kiɗan wani gajeren fim, kuma shi ne aikina na farko. Kwamfutata RAM giga 8 ce. Abokaina sun ce sai na sayi babban kundin sautukan okestira mai suna BBC Symphony Orchestra na kamfanin Spitfire. Ina tunanin cin bashi, har barci ya ƙaurace mini.

Ƙanena, kwantar da hankalinka, kuma kada ka ci bashin kowa. Babban kundin nan, wanda suke kira Professional, ya haura giga 600. Ka lissafa datar sauke shi kaɗai, sannan ka tuna kwamfutarka ba za ta iya ɗaukarsa ba ko da kyauta aka ba ka. Kamfanin yana da ƙaramin samfurinsa mai suna Discover, kyauta ne, nauyinsa bai kai rabin giga ba, kuma makaɗan okestirar BBC ɗin ne aka naɗa a ɗakin Maida Vale da ke Landan. Akwai bayolin, akwai kayan busa, akwai ganguna. Ka haɗa da The Free Orchestra na ProjectSAM, ya ishe ka gajeren fim har da saura. In aka biya ka, ka fara da SSD, wato ma'ajiyar fayil mai sauri, da ƙarin RAM zuwa giga 16. Aikin farko kowa yana jin tsoronsa, za ka iya.

Daga Kaduna: Na ɗora afejiyeta a kan bayolin a manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio, sai yake fita "tatatata" babu daɗin ji. Kundin ne mara kyau?

Ba laifin kundin ba ne. Aikin afejiyeta ɗaya ne: ka danne kod, wato sautuka da yawa a tare, ita kuma ta warware shi, ta riƙa buga sautukan ɗaya bayan ɗaya, sama ko ƙasa ko a gauraye, bisa saurin kiɗan. Ko a fiyanon lantarki Roland Jupiter-4 na 1978 tana wannan aiki, kuma don sautin lantarki aka fi saninta, inda maimaici bai dame kowa ba. Shi kuwa mai bayolin na gaske ba ya jan izgarsa sau biyu iri ɗaya.

Na farko, duba salon bugun da ka zaɓa. Idan dogon ja ne, wato legato, afejiyeta za ta yanke shi kafin ya buɗe. Ka koma gajerun bugu, spiccato ko staccato ko pizzicato. Na biyu, kundin kirki yana naɗar kowane sauti sau da yawa yana juya su bi da bi. Ka tabbata wannan tsari a kunne yake. Na uku, wanda ya fi muhimmanci: kada ka bar ta tana gudana ita kaɗai. A shafin fiyano na FL Studio ka zaɓi kod ɗin ka danna Alt da A, za ta zube maka sautukan a fili. Sai ka bi su da hannu, ka ƙarfafa na farkon kowane taku, ka sassauta na tsakiya, ka cire ɗaya ko biyu don kiɗan ya numfasa. Kuma in kiɗanka mai takun uku-uku ne, irin wanda ya yi yawa a waƙoƙinmu, ka saita ta a kan uku-uku, in ba haka ba za ta yi ta faɗa da kalangu. Mai son a sauƙaƙa masa, akwai The Orchestra na Sonuscore, wanda aka gina shi musamman don afejiyeta ta tuƙa kayan okestira da yawa lokaci guda. Na kuɗi ne, kuma duk wanda ya saye shi yana da irin salon da za ka samu a ciki.

Daga Kano: Wani ya yi mini tayin had-dis mai tera 2, ya ce akwai manhajar Kontakt, kundayen Hollywood Orchestra da Vienna, komai da komai, a farashi mai sauƙi. In karɓa?

To, an zo wurin. Wannan tambayar ta fi kowace yawan zuwa, kuma amsata ba ta canzawa: kada ka karɓa.

Fara da had-dis ɗin kansa. Akwai na jabu da ake yi wa dabara ya nuna tera 2 alhali cikinsa ɗan ƙarami ne. Kana zubawa yana share na baya, ba za ka gane ba sai ranar da ka buɗe fayil ka tarar da wayam. In ma na gaske ne, sau da yawa tsoho ne da ya sha aiki aka sa masa sabon gida. Ka haɗa shi da wutarmu da ke zuwa ta ɗauke babu sallama, ka ga abin da ka jingina sana'arka a kansa.

Sai kayan ciki. Kayan kirak ne, wato manhajojin sata da aka fasa wa kulle, kuma don su yi aiki mai sayarwar zai ce ka kashe maganin bairos. Ka tsaya ka yi tunani: kwamfutar da ayyukan mutane suke ciki, da imel ɗinka, wataƙila har da bayanan bankinka, ita za ka buɗe wa manhajar da ba ka san wanda ya taɓa ta ba. Ga kundin da aka kwafa rabi, ana tsakiyar aiki da mawaƙi a ɗakin naɗa, sai allo ya ce ba a ga samfur kaza ba. Wa za ka kira? Mai had-dis ya canza lamba.

Kada kuma a ruɗe ka da "lasisin na hannu ne, na gaske ne". Kamfanonin Spitfire da EastWest ba sa yarda mai saye ya sayar wa wani lasisinsa. Shi lasisin nan shi ne izininka na sa sautin a aikin da za ka ci kuɗi da shi. Mu da muke kuka kullum ana tura waƙoƙinmu da finafinanmu a waya babu ko sisi, ai bai kamata a ji mu muna kare irin wannan ciniki ba.

Abin da ya fi ba ni haushi ma shi ne ɓarnar lokaci. Na ga masu kundi ɗari a kwamfuta da ba su san aikin ƙaramar tayar nan da ke gefen hagu na fiyanon studiyo ba, alhali da ita ake ɗaga ƙarfin dogon ja ana sauke shi a yawancin kundayen okestira. Sai su kwana suna sauya bayolin suna neman wanda zai yi rai da kansa. In kana da kuɗin had-dis ɗin, ajiye shi zuwa ƙarshen Nuwamba, lokacin rangwamen Black Friday, ka sayi kundi ɗaya daga shafin kamfaninsa. In aiki ɗaya ne a gabanka, EastWest suna da ComposerCloud na biyan wata-wata, amma ka lura da sharaɗin da ka zaɓa, akwai wanda ke ɗaure ka shekara guda, kuma da dala ake cira.

Daga Maraɗi: Na sayi kundi na halal, amma bayan minti 15 sai ya yi shiru.

Ɗan'uwa, ba a cuce ka ba, karatu ne ba ka yi ba. Kontakt na kamfanin Native Instruments, manhajar da ake buɗe irin kundinka a cikinta, iri biyu ne: Player na kyauta da cikakke na kuɗi. Kundin da aka yi don cikakken yana aiki a Player na minti 15 ne kawai a matsayin gwaji. Ko ka sayi cikakken, ko ka rubuta wa mai kundin ka roƙi alfarma. Nan gaba ka duba wannan layin kafin ka biya.

Daga Jos: Wane kundi zan saya waƙata ta yi tashe?

Babu shi.

Daga Sakkwato: Bayolin ɗin okestira zai iya maye mini gurbin goge?

A'a. Waɗannan kundaye an naɗe su ne a kan ma'aunin sautin Turawa, shi kuwa goge yana zamewa tsakanin sautuka yana bin muryar mawaƙi, ga kaushin izga da babu shi a bayolin. Nemo mai goge, ka biya shi haƙƙinsa, ka naɗe shi da makirfo ɗaya a ɗaki mara amsa-kuwa. In kana son kauri, sai ka shimfiɗa dogon jan okestira a ƙarƙashinsa, ƙasa-ƙasa, sauti biyu kawai, kada ka cika kod ɗin.