Sai na fasa gindin ginshiƙi nake faɗin kuɗi

Kai yaro, wai tambaya kake me ya sa nake sa ku fasa gindin ginshiƙan tsohon filin besbol, wasan ƙwallon nan da ake bugawa da sanda, tun ban faɗa wa masu filin kuɗin aikin ba, alhali kankaren lafiya lau yake a ido. Zauna ka ji.

Shekarata ta uku da fara karɓar kwangila da kaina a nan Amurka, aka kira ni wani tsohon fili a wani ƙaramin gari. Rumfar 'yan kallo ce ta tun kafin yaƙin duniya na biyu, ginshiƙan ƙarfe, gindinsu binne cikin kankare. Shugaban masu filin ya zaga da ni yana ta fara'a, ya ce shafe ne kawai da fenti, injiniyansu ya duba komai. Na nemi takardar binciken, ya ce gobe. Na yarda da bakinsa na sa hannu a kan kuɗi dunƙule.

Ranar da muka sa guduma a ginshiƙi na farko, kankaren ya yi ƙarar fanko kamar ƙwarya. Muka buɗe, sai ga ƙarfen ya zama ɓawo-ɓawo, yatsa na ratsa shi. Shekara da shekaru ruwa na gangarowa daga matattakala yana kwana a nan, ga gishirin da suke watsawa don narkar da ƙanƙara. Ruwa ya shiga tsaga, sanyi ya daskarar da shi ya buɗa ta, tsatsa kuma ta kumbura ta ture kankaren daga ciki. Kusan duk layin haka yake. Dole na tokare rumfar, na yanke ruɓaɓɓen ƙarfe, na yi waldar sabo, a tsakiyar hunturu, don sun ce sai an gama kafin a buɗe wasa a watan Afrilu.

Da na kai takardar ƙarin aiki, mutumin nan ya dube ni ya ce ai yarjejeniya ta ce "gyaran rumfa", ba ta ware ginshiƙai ba. Daga baya wani ma'aikacinsu ya raɗa mini cewa binciken yana nan a aljihun tebur, sun san da ɓarnar tun kafin su kira ni. Motar aikina na sayar na biya leburori. Wallahi har yau in na tuna fara'arsa sai raina ya ɓaci.

Ku yaran yanzu kuna ɗaukar hoto da waya kuna cewa kun duba gini. Filin Wrigley na Shikago, da aka gina a 1914, a 2004 gutsattsarin kankare suka riƙa faɗowa daga bene har sai da aka shimfiɗa raga a ƙarƙashi. Gyaransa ya ci daga 2014 zuwa 2019, mafi yawa a lokacin da ba a wasa. Tsohon filin Yankee na New York kuwa, a 1998 wani ƙarfe mai nauyin fam 500 ya rufto kan kujeru, Allah ya sa ba kowa a wurin. Su ma injiniyoyi gare su.

Yadda ake tokare rumfa kafin a yanke ginshiƙi ba sai na koya maka ba, in ba ka san wannan ba me kake yi a wurina? Gobe da sassafe ka ɗauki guduma ka bi layin gabas ɗaya bayan ɗaya, duk inda ka ji fanko ka yi masa alama da jan fenti. Kada ka tsallake waɗanda ke bayan banɗaki, nan ruwa ya fi kwana.