Fatawa: Hukuncin Kwaminisanci, Mulkin Jam'iyya Ɗaya da Karanta Littattafansu

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni ɗalibin kimiyyar siyasa ne, kuma ina son adabi. Da na karanta rubuce-rubucen 'yan gurguzu sai na ga kukansu a kan zaluntar ma'aikata gaskiya ne. Wasu abokaina ma suna cewa mulkin jam'iyya ɗaya ya fi kawo ci gaba, suna kafa hujja da ƙasar Sin. Shin ya halatta Musulmi ya kira kansa ɗan kwaminis? Kuma akwai laifi a karanta littattafansu?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗana, tausayin talaka da ka ji a zuciyarka alheri ne, kada ka bari wani ya kashe maka shi. Sai dai tambayarka ta haɗa al'amura da hukuncinsu ba ɗaya ba ne, dole a rarrabe su.

Kwaminisancin da Karl Marx da Friedrich Engels suka shelanta a 1848, Lenin kuma ya kafa masa daula bayan juyin juya halin Rasha na 1917, ya wuce tsarin rabon dukiya. Tushensa shi ne cewa babu wani abu sai abin da ake gani ake taɓawa, tarihi gwagwarmaya ce tsakanin masu hannu da shuni da ma'aikata, addini kuwa mutane ne suka ƙirƙira don rage raɗaɗin wahala. Marx da kansa ya kira addini abin sa maye ga talakawa. Wannan tsohuwar magana ce da Alƙur'ani ya riga ya ba mu labarinta a Suratul Jasiya, aya ta 24, inda masu ƙaryata tashin ƙiyama suka ce babu wata rayuwa sai ta duniya, kuma zamani ne kaɗai ke halaka su. Wanda ya san wannan aƙida, ya fahimce ta, sannan ya yarda da ita, ya fita daga Musulunci, babu saɓani a kan haka. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami da ke Makka ta yi hukunci a kan kwaminisanci tun zamanta na farko a shekarar 1398 bayan Hijira, ta bayyana cewa yana cin karo da Musulunci.

Amma a yi hattara. Hukunci a kan aƙida daban, ɗora shi a kan wane ɗan wane daban. Akwai mai sallah da azumi wanda yake kiran kansa ɗan gurguzu alhali abin da yake nufi kawai shi ne a biya lebura haƙƙinsa, a kula da lafiyar marasa hali. Wannan ba a kafirta shi. Ana yi masa bayani, a ce ya ajiye sunan, domin sunan yana ɗauke da kayan da bai sani ba. Haka wanda aka tilasta wa ɗaukar katin jam'iyya a ƙasar da ba shi da mafita, zuciyarsa na natse da imani, aya ta 106 a Suratun Nahli ta yi masa uzuri. Gaggawar kafirta mutane masifa ce mai zaman kanta.

Ta fuskar dukiya, Musulunci ya tabbatar wa mutum mallakar abin da ya samu ta halal. A huɗubar ban kwana Annabi (SAW) ya haramta jinin mutane da dukiyoyinsu da mutuncinsu. Don haka ƙwace gonar manomi da dabbobin makiyayi da sunan jama'a zalunci ne, kuma an ga abin da ya haifar. Lokacin da Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet, ya tilasta gonakin haɗaka, makiyayan Kazakistan, waɗanda Musulmi ne, aka karɓe musu garkuna aka hana su yawon kiwo, mutum fiye da miliyan ɗaya suka mutu da yunwa tsakanin 1930 da 1933. Wannan kuwa ba ya wanke jari-hujja. Shari'ar da ta kare mallaka ita ce ta haramta riba da ɓoye kaya, ta wajabta zakka, ta ce a Suratul Hashri kada dukiya ta zama tana kewayawa tsakanin mawadata kawai. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Musulmi sun yi tarayya a abu uku: ruwa, ciyawa da wuta. Adalcin da kake nema yana gidanku, laifinmu ne mu malamai da muka yi sakaci da karantar da wannan babi har matasa suka je neman sa wajen wasu.

Batun jam'iyya ɗaya shi nake so ka tsaya a kansa sosai, domin nan ne ake yawan ruɗuwa. Shari'a ba ta ƙayyade yawan jam'iyyu ba. Abin da ta wajabta shi ne shawara, kamar yadda ya zo a Suratush Shura aya ta 38, da adalci, da kuma ikon gaya wa shugaba ya yi kuskure. Sayyidina Abubakar, ranar da aka yi masa mubaya'a, cewa ya yi idan ya kyautata a taimake shi, idan ya karkace a miƙe shi. Annabi (SAW) ya ce mafificin jihadi shi ne kalmar gaskiya a gaban azzalumin shugaba. To tsarin da ya mai da jam'iyya ita ce kotu, ita ce jarida, ita ce mai naɗa liman, ya toshe wannan ƙofa gaba ɗaya. Siffarsa ita ce maganar Fir'auna a Suratu Gafir aya ta 29, cewa ba ya nuna musu sai abin da shi ya gani. Irin wannan mulki haramun ne a yi kira zuwa gare shi ko a taya shi zalunci, kuma ina faɗa da babbar murya cewa hukuncin bai canzawa ko da tutarsa tana ɗauke da kalmar shahada.

Abokanka da suke kafa hujja da Sin, sai su dubi tarihin duka. Jam'iyyar da ta karɓi mulki a 1949 ita ce ta ƙaddamar da shirin shugabanta Mao na 1958 wanda ya jawo yunwar da ta ci miliyoyin rayuka, kuma abin da ya tsawaita ta shi ne jami'ai suna tsoron kai rahoton gaskiya sama. Bunƙasar tattalin arzikin da ake yabo ta zo ne bayan 1978, lokacin da jagoran ƙasar Deng Xiaoping ya sassauta wa kasuwa da manoma. Sannan ka tambayi Musulmin da suka rayu ƙarƙashin irin wannan mulki. A Tarayyar Sobiyet an rufe dubban masallatai, an sauya wa al'ummomin Asiya ta Tsakiya haruffan Larabci da na Latin sannan na Rasha, har jika ya kasa karanta littafin kakansa. A 1944 aka kwashe Cecenawa da Tatar na Kirimiya a taragon jirgin ƙasa zuwa wurare masu nisa, da yawa suka mutu a hanya. Enver Hoxha, shugaban Albaniya, a 1967 ya rufe masallatai da coci-coci na ƙasar baki ɗaya. A Kambodiya kuwa, tsakanin 1975 da 1979, mutanen Pol Pot sun yi wa Musulmin Cham kisan gilla.

Karatu kuma, ya halatta ga irinka, da sharaɗin ka san aƙidarka kuma kana da malamin da za ka koma wa idan shubuha ta tsaya maka a rai. Wanda bai san addininsa ba ya fara da shi tukuna. Idan ka ga gaskiya a sukar da suke yi wa masu tsotse jinin ma'aikata, ka karɓe ta. A hadisin Bukhari, Annabi (SAW) ya ce wa Abu Huraira game da Shaiɗan: ya gaya maka gaskiya alhali shi maƙaryaci ne. Sai dai ka san yadda aka samar da adabin nasu. Daga 1934 ƙungiyar marubuta ta Sobiyet ta ɗora wa kowa salo guda na yabon jam'iyya da ma'aikata, wanda ya kauce ya rasa maɗaba'a, wani ma ya rasa ransa. An matsa wa marubuci Boris Pasternak har ya ƙi karɓar lambar Nobel a 1958, aka kori marubuci Solzhenitsyn daga ƙasar a 1974. Mutane suna buga rubutun da aka haramta da tafireta cikin dare, suna miƙa wa juna a ɓoye. Shawarata ita ce duk lokacin da ka karanta littafin masu yabon tsarin, ka haɗa da na waɗanda suka ɗanɗani kurkukunsa.

Shiga ƙungiyar ƙwadago ko jam'iyyar da ke fafutukar haƙƙin talaka ya halatta, har ana samun lada, matuƙar ba ta gina kanta a kan inkarin Allah ba, ba ta halatta ƙwace dukiyar halal ba, kuma ba ta neman rufe bakin masu yi mata gyara.

Allah ne Mafi sani.