Ina da ciki wata biyar, zan iya yin azumi?

'Yar'uwa, kin ce cikinki wata biyar ne, kuma kina fargabar azumi ya cutar da jaririn. Amsar tana ga lafiyar jikinki.

Yawancin binciken da aka yi kan mata masu ƙoshin lafiya bai nuna cewa azumi na jawo haihuwar bakwaini ba. Amma idan kina da ciwon suga, hawan jini, ƙarancin jini, cikin tagwaye ko amai mai yawa, don Allah ki sha, ba sai an yi dogon zance ba.

Abin da ya fi damuna ƙishirwa ce. Fiye da awa 13 ba ruwa a zafin Kaduna, ga girki a gaban murhu da la'asar, ba ƙaramin abu ba ne ga mai juna biyu. Idan fitsarinki ya yi duhu ya ragu, jiri ya ɗebe ki, mara ta riƙa ɗaurewa, ko kika ji motsin yaron ya ragu, ki sha ruwa nan take ki nufi asibiti. Kada ki jira magariba.

Shari'a ta yi miki rangwame. A mazhabar Malikiyya mai cikin da ta ji tsoro takan sha ta rama daga baya, ba ciyarwa a kanta.

In ma'aikaciyar awo ta amince miki, ki jinkirta sahur, ki ci ƙwai, wake ko alayyafo, ki riƙa kurɓar ruwa har asuba. Ƙwayar ƙarin jini ki sha bayan buɗa baki, amma kada ki haɗa ta da shayi, yana rage shigarta jiki.

Allah Ya sauke ki lafiya.