Ragar da ake ɗinke jijiyar gwiwa da ita, za ta iya ɗaukar nauyin mutum?

Tambaya: Likita, an sa wa mahaifiyata gwiwar ƙarfe bara. Kwanan baya ta zame a banɗaki, jijiyar ƙoƙon gwiwar ta tsinke, yanzu ba ta iya miƙe ƙafar. An ce za a gyara da raga. Hajiya tana da jiki, anya ragar ba za ta yage ba?

Amsa: Allah Ya ba Hajiya lafiya. Ragar ta roba ce mai suna polifirofilin, wadda aka daɗe ana aikin gwaiwa da ita. Likitocin asibitin Mayo a Amurka, Browne da Hanssen, su suka wallafa yadda ake amfani da ita a gwiwa a 2011.

Ba falle ɗaya ake sawa ba. Ana ɗauko mai inci 10 da 14, a ninka ta kamar sau takwas zuwa goma har ta koma ɗamara mai faɗin kusan inci ɗaya, a bi ta da ɗinki. Sai a fafe rami a ƙashin ƙwauri, a cusa bakinta, a zuba simintin ƙashi, a ɗaure da kusa. Ɗaya bakin a ja shi sama a ɗinke tsakanin naman cinya. Ɗamarar nan, ko ƙato ya ja da hannu ba zai tsinka ta ba.

Damuwata ba a tsakiyar ragar take ba. Hawa bene kaɗai yana ɗora wa ƙoƙon gwiwa wajen ninki uku na nauyin jiki, kuma inda ake tsoron abin ya saki shi ne mahaɗar raga da nama, tunda zare ne kawai ke riƙe da shi kafin nama ya tsiro cikin hudojin ragar. Idan aka lanƙwasa ƙafa da wuri, sai wurin ya saki, ƙafar ta daina miƙewa sosai, Hajiya ta riƙa durƙushewa tana cikin tafiya.

Shi ya sa ake sa filasta daga cinya zuwa ƙasa wajen mako 12, ƙafa a miƙe sambal. Nan ne masu jinya ke gajiya; sallah ma sai a kujera. A rahoton Mayo na 2018, cikin mutum 77, kashi 84 cikin ɗari ragarsu na nan bayan kimanin shekara huɗu. Idan tana da ciwon suga, a daidaita shi kafin ranar tiyata, domin ƙwayar cuta in ta kama raga, sau da yawa sai an cire ta.